Gasket ɗin Hilux ya ƙone, a sauke inji ko a gyara top?

Mai Hatsi Dawanau: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Akori-kura ta ce Hilux ƙirar 2010 mai fetur, injin 2TR, da ita muke ɗauko kaya daga kasuwannin ƙauye. Yaron da ke tuƙa ta ya taso daga Maigatari da lodin riɗi, allurar zafi ta hau, shi kuma yana ganin ai ya kusa Gumel sai ya ci gaba da tafiya har ta mutu da kanta. Yanzu farin hayaƙi take fitarwa ta salansa, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, in ka buɗe lagireto ka tada ta sai kumfa kawai. Bakanike na yace gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (kan inji) da gindin inji, ya ƙone kuma shi a ganinsa in sayo wani inji ɗan Beljiyam a wuce wurin. Ga kaka ta shigo, zaman motar nan asara ce gare ni. Ina zan samu inji mai kyau, kuma me zan duba?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma tsaya tukuna, ya buɗe top ɗin ya gani ko daga tsaye ya yanke hukunci?

Mai Hatsi Dawanau: Bai buɗe ba, fulogi kawai ya ciro ya ga ruwa a silinda ta biyu da ta uku.

Oga Bakanike: To yallabai kar ka sayi komai sai an buɗe. 2TR gindinsa baƙin ƙarfe ne, top ɗin ne alminiyam, shi yasa in ya tafasa top ke fara lanƙwasa, gindin ba kasafai yake taɓuwa ba. A sauke top a kai wajen masu injin gogewa su ɗora ƙarfen awo a kai, lanƙwasar da aka yarda da ita kaɗan ce ƙwarai, wajen milimita 0.05, ido baya gani. Su kuma gwada shi da iska a cikin ruwa ko ya tsage, dan top mai tsagewa ko gasket ɗin zinari ka sa masa zai ci gaba da haɗa ruwa da mai. Daga nan a kwance kaskon mai na ƙasa a duba kiranshaf (sandar da fiston ke juyawa) da metal (biyarin da take juyawa a kai), saboda abin da yafi bani tsoro a maganarka shine tafiyar da aka yi da ita har ta mutu, in ruwa ya jima a cikin mai metal ne ke fara cinyewa, in kuma an matsa tada ta da makulli alhali ruwa na cike a silinda to konrod, sandar da ke haɗa fiston da kiranshaf, na iya lanƙwasa. In metal lafiya, silinda ba zane, fiston bai kama ba, wlh aikin top ne kawai kuma bai kai kuɗin inji ba ko kusa.

Direban Hadeja: Oga ka faɗi gaskiya amma ni fa na sha wuya da gyaran top. An goge min, an sa gasket, bata jima ba ta sake tafasa da lodi a hanya, ƙarshe inji na saya na huta. Motar da ke ɗaukar buhuna ba irin ta zuwa ofis bace.

Oga Bakanike: Wane gasket aka sa maka, kuma da me aka ɗaure? Yawanci nan ne matsalar, a sayo gasket ɗin kwali mai arha a ɗaure kusoshi da dogon bututu yaro ya hau kai da ƙarfinsa. Kusoshin top ana binsu ne daki-daki daga tsakiya zuwa gefe da sifanar awo, sannan a ƙara juyi kamar yadda littafin Toyota yace, wanda ya miƙe a canza shi. Garejin da bashi da wannan sifana kar ka bashi aikin top.

Direban Hadeja: Gaskiya bututu na ga sun sa.

Ɗan Kofar Ruwa: Alhaji in har an buɗe an ga gindin ya taɓu to ga abin da zan ce maka a matsayina na wanda ke cikin harkar. A nan Kofar Ruwa ana samu, Panteka a Kaduna ma akwai, Apo a Abuja akwai, amma in kana son zaɓi da yawa Ladipo ce a Legas, mu ma da yawa can muke saro wa. Ka rarrabe abu biyu, akwai wanda aka sauke daga kwantena kai tsaye, akwai wanda ya gama aiki a nan gida aka wanke shi da fetur aka fesa masa fenti aka ce ɗan Beljiyam ne. Injin da yake ƙyalli fiye da kima ka ji tsoronsa. Duba kawunan kusoshi ko sifana ta taɓa cin su, duba ko akwai gam na silikon ya fito ta gefen top ko kasko, buɗe murfin bawul ka ga ko akwai baƙin dauda daskararre, ciro fulogi huɗun ka jera su, sa sifana a fuli ka juya kaji yana juyawa sumul kuma yana matsewa. Kuma kar ka je kai kaɗai, tafi da bakanikenka amma kai zaka yi ciniki ka biya da hannunka.

Hajiya Mai Fura: Ku yi haƙuri da shigowa ta cikin maganar maza, motar mai gidana ce aka yi wa wannan aikin. Abin da ya cece mu rasit ne, an rubuta lambar inji da kwanakin garanti a kai, da aka ɗora aka ji yana ƙara sai aka mayar aka canza mana. Maganar baki bata isa ba Alhaji, a rubuta.

Ɗan Kofar Ruwa: Haka ne Hajiya. Kuma ya tambaya daga yaushe garantin ke fara ƙirga, dan wasu daga ranar da ka biya ne, kafin inji yazo daga Legas a ɗora shi kwanakin sun ƙare.

Injiniya Zariya: Akwai abin da ba a taɓo ba. Ba kowane 2TR ne zai zauna a motarka ba ko da sunan ɗaya ne. Wannan injin yana cikin Hiace da Prado da Fortuner, to na Hiace manifol ɗinsa da kaskon mai da wasu maƙalai sun bambanta, sai an kwaso na tsohon injinka an mayar a kai, shi yasa kar ka yarda a karɓi tsohon naka a rage maka kuɗi sai an gama ɗorawa ta tashi. Na biyu daga wajen 2015 Toyota ta fito da mai Dual VVT-i, wato tsarin daidaita lokacin buɗe bawul a gefen shigar iska da na fitar hayaƙi, naka na 2010 a gefen shigar iska kawai yake da VVT-i, in ka sayo sabon ƙirar, wayarin da ƙwaƙwalwar motarka (kwamfutar inji) ba zasu gane shi ba, sai ka shiga kashe kuɗin da baka shirya ba. Ɗauki hoton soket soket ɗin naka ka gwada da wanda zaka saya.

Baban Ummi: Wani ya bani shawara a baya wai a juye irin wannan motar zuwa dizal a sa injin Toyota 5L, yace baya mutuwa.

Injiniya Zariya: 5L inji ne mai juriya ba musu, amma juye mai fetur zuwa dizal ba ƙaramin aiki bane, tanki da layin mai da wayarin da mazaunin inji da haɗin giyabos duk sai an taɓa, ga dizal ya fi fetur tsada tun da daɗewa. Mutumin da ke son motarsa ta fita cikin kakar nan ban bashi wannan shawarar ba.

Oga Bakanike: Ko top aka gyara ko inji aka ɗora, a nemo abin da yasa ta tafasa tun farko, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙone. A wanke lagireto ko a canza in ya toshe, a sa sabon murfinsa, a duba famfon ruwa da tiyo da kulocin fanka, wannan kulocin in ya mutu fanka na juyawa amma bata jan iska, sai kaga mota lafiya a kan titi amma da an shiga yashi da lodi allura ta hau. Kuma dan Allah a daina cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, ana cewa wai na ƙasar sanyi ne, a sa sabo. Ruwan rijiya da na burtsatse ma a bar zuba shi, shi ke tara gishiri da tsatsa a ciki, a sayi kulan, ruwan sanyaya inji, na gaske.

Direban Hadeja: Sannan in an canza inji ka je ofishin lasin a gyara lambar inji a takardu, ka riƙa yawo da rasit ɗin, masu duba takardu a hanya suna tambaya.

Mai Hatsi Dawanau: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na kira shi nace gobe da safe ya sauke top da kasko ina tsaye, in metal ya cinye zan neme ka Ɗan Kofar Ruwa. Oga in na turo maka hoton metal ɗin da silinda zaka iya gane wa ta hoto?

Oga Bakanike: Turo, amma a goge mai tukuna kuma a ɗauka a hasken rana. Ka sa farce ka ja a cikin silinda, in farcen ya maƙale a zane ka gaya min a wace silinda ce.