Mai gyara ya goge mini Prefetch

Baban Hafsat, Nima: Jama'a, raina a ɓace yake. Kwamfutata tana daɗewa kafin ta tashi, na kai wa wani mai gyara. Ya goge duk abin da ke cikin Prefetch, foldar da ke taimaka wa Windows tashi da sauri, wai shara ce, ya karɓi kuɗina. Na kunna a gida, sai ma ta ƙara nauyi. Wannan damfara ce. Tun Windows XP, a 2001, kwamfuta ke lura da wuraren da take karantawa a faifai lokacin tashi, ta adana lissafinsu, don gobe ta ɗebo su a jere tun ba a nema ba. In ka goge, koyo za ta koma daga farko.

Ɗan Maamobi: Yaya, janye kalmar damfara. Mutum ya yi aiki iya saninsa.

Baban Hafsat: Ya karɓi kuɗi ko bai karɓa ba?

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, damfara sai da niyya. Ka shiga zuciyarsa ne?

Ɗan Maamobi: Na gode Hajiya. Mu da ke wuni a rana a kasuwar Circle ta Ankara (Accra) muna kwance injin mutane, mu ne kullum ɓarayi.

Na Aboabo: Halin Ankara ke nan. Da Kumasi ka kawo ta, a Adum, da ba ka ga haka ba.

Ɗan Maamobi: Kayan da kuke sayarwa a Adum daga ina suke zuwa? Ba ta tashar Tema ba?

Ɗalibi: Malamai, faifai mai juyawa allura gare shi, tsallenta daga nan zuwa can ke cin lokaci, shi ya sa jerawar ke da amfani. SSD, sabon nau'in faifai mara juyawa, ba shi da allura. A Linux ma systemd, mai kula da tashin kwamfuta, ya cire readahead, wato irin nasa Prefetch, tun 2014. Kuma lissafin Prefetch zai dawo da kansa in an kunna ta sau kaɗan.

Na Aboabo: Yaro, manya na magana. Tema ta Gana ce duka, ba ta ubanku ba.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallahi, a bar iyaye.

Shugaban zaure: Na rufe maganar. Abin da na fahimta, babu damfara, kuma masu gyara sun cancanci a ba su haƙuri. Shekaruna a sana'ar nan ban taɓa ganin gogewar ta kashe kwamfuta ba. Baban Hafsat, faifanka ne ya tsufa. Kawo ta shago bayan La'asar in sa maka SSD.