Tafinta a gaban ɗalibi kurma: isar da magana kawai, ko har da koyarwa?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum. Zan ajiye wata magana a gabanku, na kuma san ba kowa ne zai yarda da ni ba. A ganina aikin tafintan maganar hannu a cikin aji bai wuce ya isar wa ɗalibi kurma abin da malami ya faɗa ba, sannan ya mayar wa malami abin da ɗalibin ya faɗa, kuma duk abin da ya ƙaru a kan wannan shiga sharo ne ba shanu. Ina da yarinya kurma ɗaya a ajina. Na lura cewa idan na yi bayanin minti ɗaya, tafintarta takan yi na minti biyu, har ranar da na tambayi yarinyar abin da ya sa ƙanƙara take tasowa saman ruwa, sai ta amsa mini da misalin da ban taɓa kawowa ba. Amsar daidai ce, amma har yau ban san ko fahimtar yarinyar na auna ba ko ta tafintar.

Tafinta: Wa alaikumus salam, Malam. Shekarata tara a wannan aiki, kuma zan iya gaya maka abin da abokiyar aikina ta yi a cikin mintin nan da ya ƙaru. Maganar hannu harshe ce mai nahawunta, kamar yadda William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet a Amurka, ya nuna tun 1960, don haka ba a ɗaukar kalmar baki a ajiye alamar hannu a gurbinta ɗaya bayan ɗaya. Tambayar e ko a'a ma da fuska ake yin ta, a ɗaga gira a ɗan sunkuyo da kai, wanda kuwa ya bar fuskarsa a sandare ya mai da tambayar zance. Idan ka faɗi kalmar kimiyya wadda yarinyar ba ta san alamarta ba, zan iya rubuta ta da yatsu harafi-harafi, in ce na sauke nauyi, alhali ban ba ta komai ba sai jerin haruffa. Ko kuma in zana mazubi biyu masu girma ɗaya a cikin iska, in cusa kaya a na dama har kumatuna su kumbura, in bar na hagu sakwa-sakwa, in nuna mata wanda zai nutse. Wannan fassara ce, Malam, ko da a idonka ta yi kama da koyarwa. Ƙari a kan haka, ɗalibi mai ji yana kallon allo yana sauraronka a lokaci guda, ita kuwa ido biyun nan su ne kunnuwanta, don haka duk sanda ta waiwaya ga allo ta rasa abin da nake faɗa, dole in jira ta in maimaita.

Kurma, tsohon ɗalibi: Malama, ina girmama aikinku ƙwarai, amma a nan na fi kusa da Malam, kuma ni da kaina abin ya shafa. Na yi shekara uku da wani tafinta mai kirki wanda yake tausayina fiye da kima. Idan malami ya kawo kalma mai wuya sai ya sauƙaƙa mini ita, idan na ba da amsa a karkace sai ya miƙar da ita kafin ta isa kunnen malami, malamin ya yi murmushi ya wuce. Ranar jarrabawa takarda ce a gabana ba tafinta ba, kuma kalmomin da aka yi ta kare ni daga gare su suna nan zaune a kowane layi. Kuskurena nawa ne, ina da haƙƙin malami ya gan shi ya gyara mini kamar yadda yake gyara wa kowa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato bai taɓa fassara mini barkwancin 'yan aji ko gardamarsu ba, domin a ganinsa ba darasi ba ne, sai dai in ga aji ya fashe da dariya ni kuwa ina kallon bakuna.

Mahaifiyar yaro kurma: Ɗan'uwa, kai ka shiga ajin nan ne da harshenka a hannu, shi ya sa za ka iya neman a ba ka magana yadda take. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma ni ina cikin waɗannan iyaye. Ɗana ya shiga makaranta yana da shekara shida, abin da ke tsakaninmu da shi alamu ne 'yan kaɗan da muka ƙirƙira a gida, na ci da sha da barci da zo da tafi. To me tafinta za ta fassara masa, kuma zuwa wane harshe? Ita ce mutum na farko da ya ga tana magana da hannu cikakkiyar magana, daga gare ta ya san cewa ranakun mako suna da suna. Da ta tsaya a kan ƙa'idar Malam, da ta yini tana kaɗa hannu a gaban yaron da ba ya gane ko ɗaya.

Mai nazarin ilimin kurame: Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙa, kuma ina ganin gardamar ta fi tafinta girma. A taron birnin Milan na Italiya a 1880 malaman kurame, waɗanda kusan dukkansu masu ji ne, suka zartar da cewa a koyar da kurame da baki a ajiye hannu, kuma sai a taron birnin Vancouver na Kanada a 2010 aka yi watsi da wannan hukunci a hukumance. A 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba dole ba ne makaranta ta samar wa wata ɗaliba kurma mai suna Amy Rowley tafinta, tunda tana cin jarrabawa tana wucewa aji na gaba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, a sashe na 24, ta nemi a sauƙaƙa koyon maganar hannu, a kuma ɗauki malaman da suka iya ta. Abin da nake so ku duba shi ne Nikaraguwa, inda aka tara yara kurame a makaranta a Managuwa, babban birnin ƙasar, daga ƙarshen shekarun 1970, ana ƙoƙarin koya musu karanta leɓe, su kuwa a filin wasa da cikin motar makaranta suka haifar da sabon harshe na hannu a tsakaninsu. Yaro daga yara yake ɗaukar harshe. Saboda haka ƙaramin yaro irin na Hajiya ya fi buƙatar malami mai koyar da shi kai tsaye da hannu da abokai kurame, tafinta kuwa ya fi amfani ga wanda harshensa ya riga ya kafu. Idan makaranta ta ajiye babban mutum ɗaya a gefen yaro ta ce ta gama, ta ɗora wa tafinta aikin mutum uku ne.

Tafinta: Kuma shi kaɗai. A taruka mu biyu muke aiki, muna karɓar juna bayan minti ashirin ko talatin, domin bayan haka kurakurai sukan fara yawa, amma a makaranta mutum ɗaya ne daga darasin farko har na ƙarshe, wuyan hannu yana zafi. Na karɓi maganar ɗan'uwanmu a kan gyara amsa, wannan laifi ne, kuma na taɓa yin sa. Amma ban karɓi cewa bayani da misali ƙetare iyaka ba ne.

Malamin Kimiyya: Na yarda zan riƙa ba tafintar ajina abin da zan koyar tun kwana ɗaya kafin darasi, domin mu daidaita a kan kalmomi da misalai, kuma zan riƙa yin shiru idan na nuna allo. A kan tambaya da jarrabawa kuwa ina nan a kan bakana: abin da yarinya ta faɗa nake so in ji, ko da a karkace yake.

Kurma, tsohon ɗalibi: A kan wannan muna tare, Malam. Sai dai ina da tambaya ɗaya. Ranar da ka yi mata tambayar ƙanƙara, fuskar wa ka kalla, kuma cewa ka yi "me ya sa" ko "tambaye ta me ya sa"?

Malamin Kimiyya: Tafintar na kalla, kuma "tambaye ta" na ce. Gobe muna da darasi da ƙarfe tara, zan tsaya a inda za ta iya ganina da tafintar a lokaci guda.