Ƙara wani digirin farko a fiziks: abin da mutane suka ce

Ga mai digiri tuni da ke tunanin komawa jami'a ya ƙara wani digirin farko a fiziks, shawarar da ta fi yawa dai ita ce a fara gyara lissafi tukuna, kalkulas da aljabara, don wallahi su ke kayar da mutane tun kafin a kai kwantam, wato fannin fiziks na ƙwayoyin zarra. Wasu kuma sun ce in digirinka na farko injiniyanci ne ko lissafi to kar ka ɓata shekaru, ka cike kwasa-kwasan da ka rasa kawai ka nemi mastas, ni ma nan na fi karkata gaskiya. Tallafin karatu yakan yi wuya ga mai digiri tuni, sai ka shirya aljihunka. Ka tambayi jami'ar ko za su yafe maka kwasa-kwasan da ka riga ka ci.