Musayar Waƙa: Rassan Adabi da Rigimar Mutaƙarab

Ɗan Gezawa:
Da farko mu gode wa Sarki Gwani,
Mu tattauna zancen da ke son sani.
Waƙa da zube da wasa, ukun
Duwatsu na murhu a girkin gwani.
Zube ba ya neman awo ko kari,
Da jimla da jimla ake yin gini.
A wasa mutane suke yin faɗi,
A fili ake yin sa domin gani.

Malam Na-Ringim:
Sannu da ƙoƙari, ƙanena, amma ɗangonka na uku yana ɗingishi. Karin Mutaƙarab ka hau, kowace ƙafa fa'ulun: gaɓa mai sauƙi ɗaya, masu nauyi biyu. "Da farko" ta zauna daram. "Waƙa" kuwa gaɓoɓinta duka masu nauyi ne, ina mai sauƙin? Sannan ka maimaita "gwani" a baiti biyu a jere. Karɓi darasi:

Ɗango shi ne layi ɗaya,
Baiti jerin su wuri ɗaya,
Gwauruwa ita kaɗai ke tafiya,
Ƙwar biyu tagwai ake kira.

Ƙwar huɗu tarbi'i, ka riƙe,
Ƙwar biyar in ka ga an saƙe,
Uku kan biyun wani an liƙe,
Tahmisi ke nan, ka lura.

"Ya" da "ƙe" su ne amsa-amon ciki, suna sauyawa daga baiti zuwa baiti. "Ra" shi ne babba, ba ya motsi har marufi.

Gwaggo 'Yar Ɗambatta:
Malam ya hana maimai, shi ya ci,
"Ɗaya" bisa "ɗaya", ina adalci?
Kun duƙufa kan tawada da allo,
Kun bar na baka, tushen zumunci.
"Ga ta nan, ga ta nanku" mabuɗi,
"Ta zo mu ji ta", a yi shiru a ji.
"Ƙurunƙus" shi ne marufin tatsuniya,
Da dare ake yi, in an ci abinci.
Gizo da wayo, Ƙoƙi da haƙuri,
Kura da haɗama har da sakarci.

Na Bichi:
Allah ya ja da ran Gwaggo! Kano ta Dabo tumbin giwa. Mutanen Ringim a wanke allo a sake.

Na Bichi:
Malam ya yi shiru tun la'asar, ko cajin waya ne ya ƙare?

Baffan Kazaure:
Kai Na Bichi, mai tafi ba ya cikin masu rabo. Gwaggo, da girmanki, baitinki na uku ya faɗi a "ji" alhali "ci" kika ɗauko. Kuma waƙar baka da kike tinƙaho da ita tana da nata sharuɗɗan:

Waƙar baka kiɗa ke riƙe ta,
Gindi guda ne, ɗiya na bin ta.
Jagora ya ja, 'yan amshi su karɓa,
Ba takarda, ƙirji ne gidanta.
Taushi da kotso fada suke zuwa,
Kalangu kuwa sai wajen mahauta.
Garaya maharbi take wa take,
Gangar noma gayya ke kiran ta.
Taki ba kiɗa, Gwaggo, ba kari,
Zube ne kurum aka daddatsa ta.

Gwaggo 'Yar Ɗambatta:
Baffa ya zo da zambo a riga,
Habaici ba suna, zambo da siffa.
In za ka yi mini, faɗi kamata,
Kar ka laɓe a bayan garaya, Baffa.

Ɗan Gezawa:
Gafarta Malam, na dawo kan "waƙa". Malaman aruli, wato ilimin awon waƙa, sun halatta a yar da gaɓar farko ta fa'ulun a farkon baiti, ta koma 'ulun, shi ake kira harmu. Ɗangona na uku shi ne farkon baiti na biyu. A ina na karya?

Malam Na-Ringim:
Halal ne, amma rangwame ne ga wanda hanya ta ƙure wa, kai kuwa a baiti na biyu ka nemi agaji. Batun maimai, ƙa'idar tana kan babban amsa-amo: kalma ba ta dawowa sai an tsallake baiti bakwai. Tawa "ɗaya" a ciki take.

Na Bichi:
Wato in Malam ya yi, ciki ne. In wani ya yi, waje ne.

Baffan Kazaure:
Kawo baiti ɗaya naka mu auna, ɗana.

Ɗalibar Gumel:
Iyayena, kun bar rassa biyu a rana.

Ƙagaggen labari jigo yake so,
Da zubi da tsari, abu na bin abu.
Taurari su rayu, salo ya ja hankali,
In babu rikici, labari babu.
A 1933 aka yi gasa a Zariya,
Ƙagaggun boko nan suka samu.
Wasa kuwa tun kafin dandamali,
Tashe muke yi daga goma ga azumi.
A rubuce, fitowa-fitowa ake raba shi,
Umarni a baka biyu, magana ga 'yan wasanmu.

Malam Na-Ringim:
Ilimin ya yi, 'yata, amma amsa-amonki ya tashi daga "bu" ya sauka a "mu", ya ratsa ta "mi". Kuma magabata ba sa cusa lambobi a ɗango, ramzi suke yi: haruffan abjadi su ɗauki shekarar a marufi.

Gwaggo 'Yar Ɗambatta:
Yarinya ta kawo tuwo da miya,
Malam na ƙirga tsakuwa a tsakiya.
Baffa, ina jiran zambon nan,
Ko kalangun ya tsinke tsarkiya?

Baffan Kazaure:
Kalangu na nan da tsarkiyarsa, Gwaggo.