Wace unguwa ce za ta dace da ni a Kaduna?

Baƙon Gari:
Salam jama'a, dan Allah mutanen Kaduna shawara nake nema. An dawo da ni aiki nan daga Katsina, ofis ɗinmu yana kan Ahmadu Bello Way kuma bayan sallah nake so in taho da iyali, madam da yara biyu ƙanana. Ni mutum ne mai son zama karatu tsakanin magariba da isha, ranar asabar da safe kuma ina ɗan taɓa ƙwallo, sannan aikin yakan kai ni Abuja lokaci lokaci shi yasa wani abokina yace kawai in kama gida a Rigasa kusa da tashar jirgin ƙasa. Ƙarfina ciki biyu da falo ne, mota babu sai mashin. Ina kuka ga ya fi?

Ɗan Unguwar Shanu:
Wslm malam barka da zuwa. Gaskiya ni ban goyi bayan shawarar abokin nan naka ba. Abuja sau nawa za ka je a wata? Amma ofis kullum ne, karatu ma kusan kullum ne, toh a kan me za ka ɗora zaman iyalinka gaba ɗaya a kan jirgin da za ka hau jefi jefi. Ranar tafiya ka fito da wuri ka shiga keke ya kai ka tasha shikenan.

Tunda karatu ne a ranka ka nemi gida a zagayen masallacin Sultan Bello, wato Unguwar Sarki, Unguwar Kanawa, Unguwar Shanu ko Abakpa, in ka ɗan matsa kuma Badarawa da Unguwar Dosa. A masallacin ne marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi ta tafsiri har Allah ya yi masa rasuwa a 1992, kuma har gobe wajen bai rabu da karatu ba, da azumi kuwa sai ka ga sahu ya fito har waje mutane sun shimfiɗa darduma a kan titi. Daga can in ka hau titin Ali Akilu ka miƙe ka shiga gari ba wani kwana kwana, ranar da za ka je gida kuma Kawo na bayanka nan za ka samu motar Zariya da Katsina. Ƙwallo kuma ka leƙa Murtala Square asabar da sassafe ka ga jama'a, masu gudu da masu ƙwallo har da dattawa masu zagaye da carbi a hannu, ba za ka rasa wanda za ka haɗe da su ba. Unguwar Rimi GRA da Malali suna da kyau da shiru amma kuɗin hayarsu ba na mai ciki biyu da falo ba ne sai dai ɓangaren lowkos.

Maman 'Yan Biyu:
Yayana duk lissafin da ake yi naka ne ban ji an yi na matar gidan ba, alhali ita za ta wuni a unguwar kai kana ofis. Kafin ka ba dillali ko sisi ka tambayi maƙwabta zancen ruwa, gidan akwai rijiya ko bohol ko kuwa kullum sai an jira 'yan garuwa, don wlh da yara ƙanana in ba ruwa zaman baya daɗi ko da gidan tayil ne har bango. Ka duba islamiyya da asibiti ma. Ni Tudun Wada nake kuma ina jin daɗinta ta wannan fannin, ga kasuwar Bacci ga asibitin Yusuf Ɗantsoho ga Poli, komai da ƙafa, illarta dai cunkoso da hayaniya wasu layukan ma ko keke da ƙyar yake shiga.

Sannan kada arha ta ja ka bakin kogi. Irin su Kigo Road da gangaren da ke kusa da ruwa in damina ta yi nisa wajen Agusta da Satumba kogin Kaduna na shiga gidaje. In an kai ka ganin gida da rani ka kalli ƙasan bangon katanga da kyau, in ruwa ya taɓa kwanciya za ka ga shatinsa ko an shafe da fenti.

Na Hayi:
Haba ɗan uwa a daina yi wa Rigasa kallon bayan gari mana. Tun da jirgin Abuja ya fara aiki a 2016 unguwar ta canza, kuma kuɗin da zai kama ciki biyu a Unguwar Sarki a nan zai samu gida shi kaɗai da tsakar gida yara su sake. Makarantun allo da islamiyyu da majalisun karatu kuwa ba adadi. Abin da ba zan ɓoye ba shine nisa, safe da yamma sai ka tsallaka bayfas ka sha gosulo kafin ka kai cikin gari, kuma Rigasa faɗi gare ta, wani layin lafiya lau wani kuma sai ka yi bincike sosai a kan tsaro da hanya.

Baƙon Gari:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya maganar ruwan nan ta shige ni. Wani a ofis yace in duba Barnawa ma, ya kuke gani?

Ɗan Unguwar Shanu:
Barnawa tsallaken gada ce ta kudu, tana da tsari kuma a cakuɗe take Musulmi da Kirista, ka san tun rikicin 2000 zaman garin ya ɗan rabu yawancin Hausawa suna arewa da kogi. Da aikinka Kakuri ne da ita zan ce maka, amma kai karatunka da hanyar gida duk suna arewa, bayan isha ka riƙa tsallaka gada a mashin kullum zai gajiyar da kai. Ka fara da Unguwar Kanawa da Badarawa, kuma ka je ganin gidan sau biyu, da rana sannan da daddare ka ga yanayin wuta da irin samarin da ke zama a bakin layin.