Firjin jirgin ruwa mai tafiya da iska yana shanye batir, ina matsalar take?

Ɗan Teku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgi ne mai tsawon mita 11, za a tsallaka Atlantika da shi daga Las Palmas, a tsibiran Kanari na Sifaniya, zuwa Karebiyan, tafiyar kamar mako uku. Firjinsa akwati ne mai cin lita 100, da kwamfuresa (injin da ke matsa gas ya kawo sanyi) Danfoss BD35F ta bolt 12. Da rana lafiya lau, amma kafin asuba batir ya yi ƙasa, sai kwamfuresar ta riƙa tashi tana mutuwa. A canza ta ne, ko a ƙara batir?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka taɓa kwamfuresar tukuna, fara duba bangon akwatin. A yankin zafi ana so soson da ke tare zafi ya kai kaurin santimita 10 ta kowane ɓangare, har ƙasa, na daskarewa kuma 15. Soson da ya sha ruwa kuwa ya tashi daga aiki. Lissafin ga shi: kwamfuresar tana jan kamar amfiya 4, in awa 12 take aiki a yini, amfiya-awa 48 ke nan take sha daga batir. In bango ya lalace ta kai awa 20, ka ga 80. Sai ka maƙale takarda a bakin murfi ka ja. In ta zare cikin sauƙi, robar bakin murfin ta mutu. Ramin zubar da ruwa na ƙasa ma a toshe shi, don sanyi ƙasa yake gangarawa.

Baba Matuƙi: Gaskiya ne, amma tashi da mutuwar nan waya nake zargi. Na'urar tana yanke wuta da kanta in abin da ke isa gare ta ya sauka wajen bolt 10.4. Siririyar waya ko mahaɗar da gishirin teku ya ci sai su cinye ƙarfin a hanya, alhali batir bai ƙare ba. Yaro, ka auna a bakin kwamfuresar lokacin da take tashi. In nisan daga batir ya kai mita 6, sa waya mai kaurin 6 mm² da fiyus na amfiya 15. Kuma a buɗa wa fankarta mashigar iska da mafita, a goge ƙura.

Hajiya Mai Girki: Ku bar ni da cikin akwatin. A sa ma'aunin zafi, kada ya wuce digiri 4. Nama a daskarar da shi tun a tudu, a ƙulle kason kowace rana daban, a jera a can ƙasa tare da gorunan ruwa masu ƙanƙara. Ƙwan da ba a wanke ba, kabeji, albasa da dankali ba ruwansu da firji. Ƙwan dai a riƙa juya shi bayan kwana biyu. In ƙanƙara ta kai rabin santimita a jikin farantin sanyi, a kashe a narkar da ruwan ɗumi. Don Allah banda wuƙa, farantin alminiyom ne, huji ɗaya gas ya tsere.