Funfuna a bangon ɗakin yara: ko ita ce take sa ɗana tari?

Maman Biyu, Yelwa, Bauchi:
Assalamu alaikum. Tun da ruwan Agusta ya kankama, bangon ɗakin da yarana suke kwana ya yi baƙi-baƙi daga ƙasa, musamman bayan sif, kuma ɗakin yana warin danshi ko da na sa turaren wuta. Ɗana mai shekara 2 yana tari da daddare, hancinsa a toshe. Maigidan yana ganin a sake fenti kawai. Shin funfunar ce take jawo tarin, kuma fentin zai wadatar?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba za a yanke hukunci ba tare da an duba shi ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2009 cewa zama a gida mai danshi da funfuna yana da alaƙa da tari, shessheƙar numfashi da tashin asma. Funfuna tana sakin ƙwayoyin da ido ba ya gani, yaro kuma ya kwana yana shaƙarsu. Ki ɗage masa riga lokacin da ya natsu, ki ƙirga numfashinsa na minti guda. Idan ya kai 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja iska, ki kai shi asibiti a ranar, domin hakan yana iya zama limoniya. Turaren wuta kuwa, duk da mu mata ba ma son jin haka, hayaƙinsa ƙara tarin yake yi, haka ma maganin sauro na kunnawa. Gidan sauro ya fi.

Magini, Jahun:
Hajiya, ki ba Alhaji haƙuri, fenti asarar kuɗi ce idan ba a tare ruwan ba, domin kafin damina ta fita zai kumbura ya ɓare. Baƙin da ya faro daga ƙasa yana nuna bangon yana tsotson ruwa daga ƙasa, galibi saboda ba a shimfiɗa leda ba kafin a zuba daɓe, ko kuma ruwan indararo yana kwanciya a gindin bangon ta waje. A fita ana cikin ruwa a duba inda yake taruwa, a yi masa hanya, a kuma leƙa silin ko kwano yana yoyo. A janye sif ɗin daga bango da kamar taki guda, a ɗaga ledar ɗaki a ga ƙarƙashinta.

Kakar Yara, Wunti:
'Yata, ki mayar da yaran wani ɗaki kafin a fara wankin. Ruwa da sabulu sun isa wanke bangon siminti. Idan za a sa Hypo, kofi ɗaya a kusan lita 4 na ruwa, tagogi a buɗe, kuma kada a haɗa shi da maganin wanke masai, domin iskar da za ta tashi guba ce. Katifar soso da funfuna ta shige cikinta ba ta wankuwa, sai a haƙura da ita. Idan kuna ajiye gyada ko masara a ɗakin, ki tsince duk wadda ta yi funfuna ki zubar, kada ta shiga kunun yaro, tunda dafuwa ba ta kashe gubarta.

Maman Biyu, Yelwa, Bauchi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam magini, gidan na haya ne. Gyaran indararon a kanmu yake ko a kan mai gida?